Farcen Faransa a Rijiyar Lemo: Wa Ke Duba Almakashin?

Duk wanda ya hau Adaidaita Sahu daga Rijiyar Lemo, ya biyo titin Katsina ta Kurna har ya sauka 'Yan Kura ko Bata, zai wuce masu sana'ar farce iri uku, ko ya lura ko bai lura ba. Na farko ɗan yankan farce ne, mai yawo a ƙasa yana kaɗa almakashi don a ji tahowarsa, da 'yar kwalbar ruwan sabulu da guntun soso a hannu. Ta biyu tana cikin gida, ba ta da allon talla, amma kowa a layin ya san ƙofarta: mai ƙunshi ce, wadda mata ke raba dare a tsakar gidanta idan Salla ta ƙarato. Ta uku ita ce baƙuwa a cikinsu. Shagonta mai ƙofar gilashi ne, da ƙaramin janareto a waje, da kwalaben fenti jere a kan kanta, da hoton hannu manne a bango: farce ruwan hoda mai sheƙi, bakinsa fari fat.

Wannan adon shi ake ce wa farcen Faransa. A da sai mace ta tsallaka Sabon Gari take samun mai yi mata shi, domin tun da aka kafa unguwar wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ta nan yawancin sabon yayi na kudu ke shigowa birnin. Yanzu wayar hannu ta rage wa yayi tafiya. Budurwa ta gani a Instagram ko TikTok da dare, da safe ta miƙa wa mai shago wayar ta ce, "Anti, irin wannan nake so." Shagunan wankin kai da wankin ƙafa na unguwannin Hausawa sun ƙara shi a cikin jerin ayyukansu, kusa da dilka da halawa da turaren jiki, musamman ga amare da ƙawayensu.

Idan maganar ta taso a majalisa, kashi biyu ake rabuwa. Wasu su ce baƙuwar al'ada ce, a hana. Wasu su ce ado ne, mace kuwa 'yar kwalliya ce, a ƙyale ta. Duka ɓangarorin sun tsaya a kan launin farcen, sun bar abin da ya fi shafar kowa: da wane ƙarfe aka kankare shi, wane sinadari aka shafa masa, kuma wa ya taɓa leƙa shagon ya duba. Wannan tambayar ba ta tsaya a kan mata masu zuwa shago ba. Ta haɗa har da magidancin da ke miƙa wa ɗan yankan farce hannu a kan benci kafin ya tafi masallacin Juma'a.

Asalin adon ma a Amurka yake. A 1975 wani mai sayar wa kamfanonin fim kayan kwalliya a Los Angeles, Jeff Pink, ya kafa kamfanin Orly. Masu shirya finafinan Hollywood suna kukan ɓata lokaci: duk sanda jaruma ta sauya kaya sai an goge mata fenti an shafa wanda ya dace da sabuwar rigar, ma'aikata na zaune suna jiran ya bushe, kuɗi na tafiya. Pink ya kawo musu launin da zai hau da kowace riga, wato launin farcen kansa, sai dai an ƙara masa haske: hoda-hoda a jiki, fari a baki. Da ya kai shi wurin nunin tufafi a birnin Faris, masu ɗinki suka karɓa hannu bibbiyu, ya dawo gida ya laƙaba masa sunan Faransa saboda ya san sunan zai sayar. Mawaƙa irin su Cher da Barbra Streisand suka fito da shi, duniya ta ɗauka.

Abin lura shi ne abin da adon ke kwaikwayo. Ba ja ba ne, ba kore ba ne. Kamannin lafiyayyen farce ne mai tsabta, wanda jini ke gudana a ƙarƙashinsa, babu dauɗa a bakinsa. Ke nan mace na biyan kuɗi ne don a zana mata hoton lafiya a kan yatsunta. Matsalar tana farawa ne idan hanyar zana hoton ita ce ke lalata farcen da ke ƙasa.

Hanyoyin uku ne. Mafi sauƙi shi ne jan farce na kwalba, wanda ke bushewa da iska. Irinsa kamfanoni kamar Cutex da Revlon suka yaɗa tun farkon ƙarni na ashirin, kuma asalin haɗinsa ɗan'uwan fentin mota ne. Yana ɗaukar kwanaki kaɗan, ana goge shi da auduga da ruwan gogewa cikin minti biyu. Na biyu shi ne jel, wanda ba ya bushewa sai an tura hannu cikin 'yar fitila mai hasken UV, yana kuma kai mako biyu zuwa uku. Na uku shi ne akirilik, wato farcen roba da ake ginawa a kan na Allah: a haɗa wani gari da wani ruwa mai ƙarfin wari, a shafa, ya daskare. Wani likitan haƙori na Amurka, Fred Slack, shi ya gano dabarar a shekarun 1950, bayan ya fasa farcensa a wurin aiki ya gyara shi da kayan cikon haƙori. Kafin a sa jel ko akirilik sai an kankare saman farce don ya kama. A nan ne farce ke fara yin siriri.

To, a Kano akwai abin da masu ƙera waɗannan kaya ba su sa a lissafi ba: alwala.

Yarinyar da ta yi Islamiyya, ta karanta Ahalari ko Ishmawi, ta san wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne, kuma a mazhabar Malikiyya har da cuɗawa. Duk abin da yake da jiki, ya tsaya tsakanin ruwa da fata ko farce, ya hana wankin cika. Fenti yana da jiki, roba ma haka. Lalle kuwa rini ne kawai: sinadarin da ke cikin ganyensa yana shiga cikin farcen ya rina shi, idan aka wanke ƙullin ba abin da ya rage a sama. Shi ya sa malamai ba su da ja a kan alwalar mai ƙunshi, suke da ja a kan ta mai fenti. Ga kuma hadisin Anas ɗan Malik a cikin Sahihu Muslim, wanda ya sa iyakar kwana arba'in ga barin farce ba a yanke ba. Wannan ba sabon karatu ba ne, matan Kano sun san shi sarai, kuma sun daɗe da samo wa kansu mafita: a shafa fenti a kwanakin fashin salla, a goge idan an yi wanka. Har ta kai wasu matan ba sa shafawa ko a kwanakin, don kada yatsunsu su sanar da mutanen gida da na titi abin da ba ruwansu da shi.

Da fentin kwalba wannan dabarar ba ta da wata illa. Da jel da akirilik kuwa labari ya sha bamban. An yi su ne don su zauna mako uku, amarya kuma kwana biyu ko uku take buƙatarsu, daga kamu zuwa dina. Ana watsewa daga wurin biki sai neman cirewa, ga salla na jira. Cirewa ta ƙa'ida tana son a jiƙa yatsu cikin asiton na minti goma sha biyar ko fiye, a bi a hankali. Amaryar da aka kai ɗakinta cikin dare ba ta da asiton, ba ta da wannan lokacin. Sai a sa haƙori, ko bakin cokali, ko reza, a ɓamɓare. Abin da ke biyo robar shi ne fatar saman farcen. Farcen hannu kuwa kusan milimita 3 yake tsirowa a wata, sai ya yi kusan wata shida kafin sabo ya maye gurbin wanda aka lalata. Ƙawar amarya da ke da biki uku a jere kafin azumi, sau uku za a kankare mata, sau uku za ta ɓamɓare. Ado na kwana tara, jinya ta rabin shekara.

Mai shagon da ta san aikinta za ta tambayi mace tukuna: "Hajiya, kwana nawa za ki bar shi?" Idan amsar kwana biyu ce, akwai farcen roba na mannawa da ake liƙawa da 'yar takarda mai danƙo, a cire shi da ruwan ɗumi ba tare da an kankare komai ba. Idan mace na son hasken ne kawai, akwai hanyar da ta girmi ta Jeff Pink: a gyara bakin farce, a goge samansa da abin gogewa mai laushi har ya yi sheƙi, a shafa mai. Babu fenti, babu abin da ya tare ruwa. Sai dai waɗannan ba su kai akirilik kawo kuɗi ba, don haka ba kowace mai shago ke ambatarsu ba.

Daga baya kamfanonin waje sun lura da matan Musulmi. A 2009 kamfanin Inglot na ƙasar Folan ya fito da fenti mai suna O2M, wanda ya ce iska da danshi na ratsa shi. Mai kamfanin, Wojciech Inglot, lafiyar farce ya nufa, ba alwala ba. Amma a 2012 wani malami a Kalifoniya, Mustafa Umar, ya rubuta cewa an gwada fentin a kan takardar tace kofi ruwa ya ratsa, sai kasuwarsa ta buɗe a tsakanin Musulmi. Shi kansa Orly, mai farcen Faransa, ya bi sahu da samfurin Breathable, ya samo masa takardar shaidar halal, a 2017 kuma ya haɗa kai da mujallar intanet ta Muslim Girl suka fitar da launuka na musamman. Malamai da yawa ba su gamsu ba. Hujjarsu ita ce ratsawar danshi daban, wanki daban, kuma gwajin shafi ɗaya a kan takarda ba ya nuna abin da zai faru da shafi biyu ko uku a kan yatsa. Farcen Faransa kuwa ba ya yiwuwa da shafi ɗaya: akwai na ƙasa, akwai farin baki, akwai ruwan hoda, akwai na sheƙi a sama. Kalmar halal a jikin kwalbar da aka saya a kasuwar Sabon Gari ba fatawa ba ce, mace ta tambayi malaminta.

Maganar alwala dai tana da masu ita, kuma amsarta a fili take. Wadda ba ta da mai ita ita ce maganar ƙarfe.

Binciken NAIIS da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Wato a cikin mutum goma sha biyu ko sha uku akwai ɗaya, kuma yawancinsu ba su sani ba. Gaskiya ne mafi yawan masu cutar a Afirka tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu. Amma ƙwayar tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma haɗa kayan yanka na daga cikin hanyoyin da likitoci suka tabbatar tana bi. Ɗan yankan farce yana sassaƙe gefen farce da 'yar wuƙarsa, wani lokaci ya taɓa nama, ya goge da soso, ya wuce wurin na gaba. Mai shago tana datse fatar gindin farce da ɗan ƙarfenta, jini ya ɗan fito, ta danna auduga, ta kira ta gaba. Aikin ɗaya ne, kujerar ce ta bambanta. Ruwan sabulu ba ya kashe wannan ƙwayar, fesa sifirit na daƙiƙa biyu ma ba abin dogaro ba ne. Abin da asibiti ke yi shi ne a wanke ƙarfe, sannan a turara shi a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Inda babu wannan, a wanke a tafasa sosai na minti 20, ko kowa ya zo da kayansa.

Magidancin da ke faɗa a kan shagunan farce, ranar Juma'a kuma ya miƙa yatsunsa ashirin ga wuƙar da ta zaga rabin kasuwar Kwari, ya kamata ya fara da kansa.

Farcen roba kuma yana da nasa ciwon. Idan ya ɗan ɗaga, ruwa ya shige tsakaninsa da na ƙasa, wurin ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. Wata ƙwaya mai suna Pseudomonas ita ke sa a cire roba a tarar farce ya yi kore. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai hulɗa da jarirai ko marasa lafiya. Tsakanin 1997 da 1998, a sashen jinyar jarirai na wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, jarirai 46 suka kamu da wannan ƙwayar, 16 suka rasu, kuma bincike ya alaƙanta yaɗuwarta da ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce, ɗaya mai na roba. Ƙa'idojin wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 sun hana ma'aikatan da ke taɓa majinyata sa farcen roba. Matar da ke dama wa yaro koko, ta tuƙa tuwo, ta yi wa jariri tsarki, ta ci abinci da hannu, hannunta bai fi na ma'aikaciyar jinya nisa da bakin yaro ba. Adon da aka ƙirƙira don jarumar da ake zuba wa abinci a faranti da cokali mai yatsu yana buƙatar gyara kafin ya shiga madafin Rijiyar Lemo.

Akwai kuma abin da fenti ke ɓoyewa. Likita na duba farce don ya ga alamar ƙarancin jini, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na fama da shi. Ruwan hodar kwalba yana rufe farin da ya kamata a gani. Na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini ma fenti mai kauri ko mai duhu na iya rikita ta, shi ya sa ake cewa a goge kafin tiyata. Mai ciki da ta kusa haihuwa ba ta da buƙatar abin da sai an jiƙa shi rabin awa kafin ya fita. Mai ciwon suga kuwa, ƙaramin yanka a wurin wankin ƙafa na iya zame mata gyambon da zai kai ta Asibitin Murtala.

Sai sinadaran. Tun shekarun 1970 hukumar FDA ta Amurka ta je kotu ta sa aka janye kayan farce da aka yi da zallar wani ruwa mai suna MMA, saboda yana ƙona fata yana lalata farce, jihohi da dama kuma sun haramta shi a shaguna. Har yanzu yana yawo a duniya don ya fi arha. Alamarsa wari mai hawa kai, da tauri fiye da kima, da ƙin narkewa a asiton. A 2023 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka wallafa a mujallar Nature Communications cewa hasken fitilar busar da jel yana lalata ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, ko da yake ba su ce ya tabbata yana jawo ciwon daji ga mutane ba. Daga ranar 1 ga Satumba, 2025 kuma Tarayyar Turai ta haramta sinadarin TPO a cikin jel. Ɗan kasuwa ya san inda kayan da aka kora daga wata kasuwa ke nufa: inda ba a karanta bayan kwalba. Doka ta ce duk kayan kwalliya sai da rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Mace ta ɗauki kwalbar da ke gabanta a shago ta juya ta, ta nemi lambar. Wadda aka ɗura daga babbar jarka zuwa ƙaramar kwalba ba ta da ko suna.

Kada masu lalle su yi dariya, su ma akwai ƙura a bayansu. Jan lalle na ganye, wanda kakanni ke ƙunsawa a zunguru su kwana da shi, ba a san shi da cutar da manya ba. Amma baƙin da ake zana fulawa da shi a yau, wanda ake haɗawa da dayis, sau da yawa yana ɗauke da PPD, sinadarin rinin gashi, wanda ke sa wasu fata ta kumbura ta yi ƙuraje, zanen ya koma tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ƙin ya zauna ke nan har abada. Ko jan lallen ma likitoci na gargaɗi a kan shafa wa jarirai masu larurar jini ta G6PD, domin yana iya farfasa musu jini. Kasancewar abu na gida bai wanke shi ba, kamar yadda zuwansa daga waje bai kama shi da laifi ba.

Wadda ta fi kowa shan wahalar duk wannan ita ce yarinyar shago. Mai zuwa gyaran farce awa ɗaya take yi ta tafi, ita kuwa wuni take tana shaƙar ƙurar roba da warin asiton. Shagon mata a unguwar Hausawa kuma dole a rufe ƙofa a saki labule saboda sutura, ga zafin Afrilu, ga wuta ba tabbas, iska ba ta da hanyar fita. A 2015 jaridar New York Times ta buga dogon rahoton Sarah Maslin Nir a kan halin da ma'aikatan shagunan farce ke ciki a birnin New York, na ƙarancin albashi da cututtuka; cikin 'yan kwanaki gwamnan jihar ya kafa dokar gaggawa, daga baya aka wajabta na'urar fitar da iska. A Kano abin da ake buƙata bai kai haka tsada ba: taga ta sama wadda ido ba ya kaiwa, da fanka mai zuƙe iska waje, da takunkumi, da safar hannu.

Hana sana'ar ba mafita ba ce, domin tana ciyar da gidaje. A 1975, shekarar da aka kafa Orly, jarumar fim Tippi Hedren ta ziyarci wani sansanin 'yan gudun hijirar Biyetnam a Kalifoniya, ta ga matan na sha'awar faratanta, ta kawo mai yi mata gyara ta koya wa mata 20, ta taimaka musu suka samu takardar shaida. Yau 'yan asalin Biyetnam su ne ƙashin bayan wannan sana'a a Amurka. Abin da ya ɗaga su shi ne horo da takarda. A nan gida an saba raba wa mata na'urar busar da gashi da keken ɗinki da sunan tallafi, a ɗauki hoto a watse. Darasin yini biyu a kan tsabtace ƙarfe da karanta bayan kwalba zai fi na'urar daɗewa a hannunsu.

Kuma Kano ba ta rasa waɗanda za su koyar ba. Makarantar Koyon Tsabta ta Kano tana yaye duba-gari tun 1932, dattawa na tuna zamanin da jin tahowarsu kawai ke sa a share rariya a wanke randa. Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 200,000, ita ke riƙe da Rijiyar Lemo da Sabon Gari duka biyun, wato inda ake sayar da kayan da inda ake shafa su suna ƙarƙashin sashen lafiya guda. A farkon 2024 an ga yadda hukumomi suka rufe shagunan magani na Sabon Gari don a tilasta musu komawa Dangwauro. Idan an so a taɓa kasuwa, ana taɓa ta. Gyaran farce bai ma buƙaci rufe shagon kowa ba. A yi rajistar masu yi, na shago da na yawo, ba don karɓar haraji ba. A koya musu, a ba su kati. Mai shago ta manna nata a bango, ɗan yankan farce ya rataya nasa a wuya, mai miƙa hannu ya san abin da zai nema. Sarkin askar unguwa da shugabannin masu kitso sun fi kowane jami'i sanin inda mutanensu suke, da su za a fara.

Masu ƙunshi kuma akwai darasin da za su ɗauka daga Jeff Pink, wanda bai ƙirƙiri farce ba, bai ƙirƙiri farin launi ba, tsari kawai ya yi wa abin, ya sa shi a kwali, ya ba shi suna. Lalle yana da abin da kamfanonin Folan da Amurka ke kashe kuɗi suna nema ba su samu cikakke ba: launin da ba ya hana alwala, ba ya ɓarewa, ba ya son fitila ko asiton. Ganyen yana fita a ƙasar Hausa, ana sayar da garinsa a mudu. Abin da ya rage shi ne a niƙa shi da tsabta, a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka yi shi, a nema masa lambar NAFDAC, a raba shi da dayis, don mace ta san abin da ta saya. Shagon da ya iya haɗa gogaggen farce mai sheƙi da jan lalle a kan yatsu, da man kaɗanya don kaushin hunturu, yana da abin sayar wa Hajiyar da ba za ta taɓa yarda a manna mata roba ba, kuma irinta sun fi yawa a titin Katsina.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun kowa. Almakashi da abin yanke farce da abin gogewa ba su fi ƙarfin aljihun mai zuwa shago ba. A saya, a sa a jaka, a miƙa wa mai gyara. A hana datse fatar gindin farce, a tura ta baya kawai, domin ita ce ke toshe hanyar ƙwayar cuta. Su kuma masu sana'ar, rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce cikin wata shida. An sa ta cikin rigakafin yara a Najeriya a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin wannan shekarar akwai yiwuwar bai samu ba, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da almakashi a yau suna cikin wannan rukunin. Kansilan mazaɓar Rijiyar Lemo da takwarorinsa na Sabon Gari ta Gabas da ta Yamma za su iya kai wa majalisar Fagge buƙatar a ware rana guda a asibitin unguwa, a yi wa masu yankan farce da 'yan matan shago gwaji, a fara musu allurar farko kafin bukukuwan gabanin azumi su kankama.